Dashen Ɓargo ga Babban da Ya Kamu da Sankarar Jini

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, ga kasala, ga jini daga dasashi, kada ku ƙara sayen ƙwaya a kasuwar Zongo. Ku je CHU Sylvanus Olympio a yi awon jini, wanda ake rubuta wa NFS.

Cikin ɓargon ƙashi jini yake samuwa, can kuma sankarar take farawa. Kafin dashe, sai a kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi, sannan a ɗura masa ƙwayoyin asali na wani ta jijiya, kamar ƙarin jini. Makonnin farko akwai haɗari, domin jiki ba shi da garkuwa.

Wa zai bayar? Shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ake fara aunawa, dacewarsa kuwa ɗaya cikin 4 ce. Ɗan uba da wuya ya dace sarai. Mai bayarwa kada ya tsorata, ɓargonsa yana komawa cikin 'yan makonni.

Aikin da tsada, yakan kai mutum Faransa ko Indiya. Amma kafin ku taɓa jarin kasuwa, ku tambayi likita irin sankarar: akwai wadda ƙwayar imatinib kullum take riƙewa ba tare da dashe ba.