RUWAN GARINKU: AIKIN HUKUMA DA NAKU

Ya kai maigida, da ke uwargida, wannan darasi naku ne. In akwai waɗanda ba su iya karatu ba a gidan, sai a tara su da dare bayan an ci tuwo, a karanta musu.

Sau da yawa in famfon gari ya lalace, sai ka ji mutane suna cewa, "Ai na gwamnati ne, su zo su gyara abinsu." Wata ya wuce, wani ya kama, ba wanda ya je ya faɗa. Mata da yara su koma ɗibar ruwa a kududdufi, inda shanu ke sha. Damina ta sauka, ruwa ya kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba a ciki. Kafin a ankara, cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta shigo gari. Sa'an nan ne za a tashi neman hukuma, bayan an binne mutane.

To, laifin wa ke nan? Domin a gane amsa, sai ku san yadda ake tafiyar da aikin gari.

1. Mece Ce Ƙaramar Hukuma?

Dattawa sun san zamanin En'e. A shekarar 1976 aka yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ko'ina cikin Nijeriya. Yanzu akwai guda 774. Ko wace tana da shugaba, an kuma raba ta mazaɓu-mazaɓu, ko wace mazaɓa da kansilanta.

Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukanta. A ciki akwai kula da kasuwa, da tashar mota, da mahauta, da makewayin jama'a, da maƙabarta, da magudanar ruwa, da kwashe shara. Tana kuma da hannu cikin aikin makarantar firamare da ƙananan asibitoci. Ku lura, kusan duk waɗannan sun shafi lafiyarku. Mahauta mai ƙazanta ciwo ce, kwata da ta toshe kuwa gidan sauro ce.

2. Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Mafi yawansa kaso ne daga asusun tarayya. Saura kuwa daga hannunku yake fitowa: kuɗin rumfar kasuwa, da na tasha, da na yanka, da na lasisin sana'a. Saboda haka duk sa'ad da ka biya, ka karɓi rasit. Kuɗin da ba a yanka masa rasit ba, ba lalle ya kai baitulmali ba.

Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Hukuma ba ta kashe kuɗi don wani ya zo ya yi kuka yau. Tana da kasafi, watau lissafin abin da za ta samu da abin da za ta yi cikin shekara, daga Janairu zuwa Disamba. Tun wajen kaka ake shirya na shekara mai zuwa. In kuna son sabuwar rijiya ko makewayi a kasuwa, a lokacin nan ya kamata buƙatarku ta isa. Wanda ya makara, sai ya jira wata shekara.

3. Duba-gari Ba Abokin Gaba Ba Ne

A da, in aka ce ga duba-gari nan, sai mata su ruga su tuntsurar da randa, don kada ya ga tsutsar sauro a ciki a ci su tara. Har yau akwai masu jin tsoronsa. Wannan kuskure ne. Aikinsa shi ne ya ga ciwo tun bai shigo ba. Yana duba bakin rijiya, da masai, da kwata, da juji, da abincin sayarwa a kasuwa.

In ya zo gidanka, ka yi masa maraba, ka zaga da shi. In za ka haƙa sabon masai, ka nemi shawararsa tukuna. Zai gaya maka a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, watau wajen taku 40 na babban mutum, kuma a yi shi ta gangare, ba ta saman rijiya ba. Gama ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwa, ido kuwa ba ya gani. Ruwa yana iya zama garau, amma da ƙwayar cuta a ciki.

4. Yadda Ake Kai Kuka

Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. In famfo ya lalace, ko kwata ta toshe, ko mushe ya faɗa rijiya, ga hanya:

Da fari, a gaya wa mai unguwa ran nan. Shi zai sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Na biyu, a gaya wa kansilan mazaɓa, gama shi ke zama a majalisar da ke duba kasafi. Na uku, a rubuta takarda. A sa sunan gari, da abin da ya lalace, da ranar da ya lalace, da yawan gidajen da ke sha a wurin. Dagaci ya sa hannu. A yi ta biyu, a kai ɗaya sakatariya, a ajiye ɗaya. In mako biyu ya wuce ba labari, a koma da ta hannu. Magana fatar baki takan bi iska, amma takarda tana nan.

5. Abin Da Ke Wuyanku

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma tana iya haƙa rijiyar burtsatse, amma ba za ta zo ta tsare ta kullum ba. Yawancin abin da ke kashe famfon tuƙa-tuƙa ƙaramin abu ne: roba ta cinye, ko noti ya kwance, ko yara sun mai da hannunsa lilo.

Sai ku kafa kwamitin ruwa. A sa mata a ciki, domin su ne ke zuwa famfo kullum, su ke fara ganin ruwa ya ragu. A zaɓi ma'aji mai amana, da mai rubutu. A misali, in gida 60 ke sha, ko wane gida ya ba da Naira 200 a wata, an tara Naira 12,000 ke nan. A riƙa karanta lissafin a gaban jama'a. Ran da ƙaramin abu ya lalace, sai a kira mai gyara nan da nan. Babban aiki ne kaɗai za a kai wa hukuma.

In rijiyar guga gare ku, a ɗaga bakinta, a dafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi. A sa guga ɗaya na kowa, a rataye shi, kada a yar da igiya a ƙasa. A yi wa dabbobi kwami can nesa.

Ke kuma uwargida, ki rufe randa, ki ware moɗa ɗaya ta ɗiba, kada kowa ya tsoma hannu. In kina shakkar ruwa, ki tafasa shi. Kashin jariri ma a zuba shi a masai, don yana ɗauke da cuta kamar na babba. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi, da kafin a taɓa abinci. In ba sabulu, toka ma ta yi.

6. In Ciwo Ya Ɓulla

In babban mutum ya kama zawo tsululu kamar ruwan shinkafa, da amai, kada a jira a ga na biyu. Kwalara tana iya kashe mutum cikin yini ɗaya, domin tana zuƙe ruwan jiki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida. In ba na fakiti, a haɗa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, watau leda biyu ta ruwan sayarwa, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti.

Ran nan kuma a sanar da malamin asibiti da mai unguwa. Ko wace ƙaramar hukuma tana da jami'in da aikinsa ke nan, karɓar labarin cututtuka masu yaɗuwa, ya aika da shi jiha. Sai labari ya isa gare shi sa'an nan za a turo magani, a zuba wa rijiyoyi sinadarin kashe ƙwayar cuta. Ba abin kunya ba ne a ce ciwo ya shiga gidanka. Abin kunya shi ne ka ɓoye, ya kama maƙwabcinka.

7. An Taɓa Yi, An Ga Amfani

Ku tambayi tsofaffi labarin kurkunu, yadda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, gona ta zama saura. Wajen 1988 an ƙirga mutum sama da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Ba allura aka yi ba, gama kurkunu ba shi da allura. Mutanen ƙauye ne suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, suna hana mai ciwo shiga tafki, suna kai labarin duk wanda ya kamu. Hukuma kuma ta haƙa rijiyoyi. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Abin da ya kori kurkunu, shi zai tsare ku daga kwalara.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ya kamata a kai buƙatar sabuwar rijiya, kuma don me?
2. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya?
3. Me za a rubuta cikin takardar kai kuka?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?
5. Wa ke riƙe da kuɗin gyaran famfon garinku? In ba kowa, yaushe za ku zauna ku zaɓa?

Rigakafi ya fi magani.