Darasi na Tara: Samar da Kalmomin Kimiyya, Misali daga Na'urar Osilista

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomi, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana. A wannan darasi za a gwada su a kan wani binciken kimiyya, domin ɗalibi ya fahimci cewa ba a raɗa wa abu suna sai an san yadda yake aiki.

2.0 Bayanin Binciken

Semikondokta sinadari ne mai matsakaicin hali. Ba ya sakar wa wutar lantarki hanya kamar tagulla, ba ya kuma tare ta kamar roba. Silikon da jamaniyam na daga cikin misalansa.

A shekarar 1958, Ivanov da Ryvkin na Tarayyar Sobiyet suka bayyana cewa idan aka bi da wuta ta cikin sandar jamaniyam, aka kuma sa ƙarfin maganaɗisu ya bi tsawon sandar, to ƙarfin wutar yakan riƙa hawa da sauka bisa tsari. Abin da ke jawo haka shi ne, ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar sukan murɗe kamar tufkar igiya, murɗin kuma ya riƙa juyawa. A 1960 Larrabee da Steele na kamfanin RCA a Amurka suka kira wannan na'ura osilista. A 1963 kuma J. B. Gunn na kamfanin IBM ya nuna cewa sinadarin galiyam asenaid yana yin irin wannan hawa da sauka ba tare da maganaɗisu ba. Da na'urarsa aka ƙera wasu radar na auna gudun mota.

3.0 Zaɓen Kalma

Mai fassarar da ya dogara da ƙamus kaɗai zai iya cewa "na'urar girgiza". Wannan kuskure ne, domin sandar ba ta motsi, ƙarfin wutar ne ke sauyawa. Ɗalibin da aka koya wa haka zai tashi da gurguwar fahimta, ya kuma koyar da ita. Saboda haka, ko dai a ari "osilista" a biyo ta da bayani, ko a ƙirƙiri suna kamar "mai-kaɗa-wuta".

4.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa "na'urar girgiza" ba ta dace ba?
2. Ƙirƙiro suna na Hausa ga semikondokta, tare da kawo hujja.