Yadda Jirgin Sama Ke Sauka Cikin Iskar Gefe

Duk ɗalibin da ya lura da ungulu ko shamuwa yayin sauka zai ga cewa iska suke fuskanta. Dalili kuwa shi ne, iskar da ke ratsa fiffike daga gaba ita ke ɗauke da nauyin tsuntsu, don haka yana iya rage gudu ba tare da ya faɗo ba. Bisa wannan ƙa'ida jirgin sama yake sauka. Sai dai tsuntsu yana juyawa duk inda iska ta fito, amma titin jirgi a shimfiɗe yake wuri guda.

Iskar gaba da iskar gefe

A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Mai keken da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari ranar kasuwa karo yake yi da ita, wanda ya nufi Gagarawa kuwa ta hagu take bugunsa. Ta farkon ita ce iskar gaba, ta biyun iskar gefe. Babban titin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana ɗauke da lambobin 06 da 24, wato ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai da hanyar iskar hunturu da ta damina. Amma iska takan karkace. Idan mai gudun kilomita 40 a sa'a ta kauce wa titi da digiri 30, rabin ƙarfinta ne ke tura jirgi gefe. Idan ta kai digiri 90, dukkan ƙarfin ne.

Matakin gangarowa

Jirgin fasinja yakan gangaro bisa kusurwar digiri 3, wato yana rage tsawon mita 52 a kowace kilomita. A gudun kilomita 250 a sa'a, hakan ya kai kimanin mita 220 a minti ɗaya. A filaye da yawa akwai fitilu huɗu a gefen titi: biyu fari biyu ja na nufin matuƙi yana daidai, fari zalla ya yi sama da yawa, ja zalla ya yi ƙasa ainun.

Tafiyar ƙaguwa

Domin kada iska ta kwashe shi daga saitin titi, matuƙi yakan karkata hancin jirgi zuwa inda take fitowa. Alal misali, iskar gefe mai gudun kilomita 40 tana bukatar karkatar kimanin digiri 9. Sai a ga jirgi yana tahowa a kaikaice, shi ya sa ake kiran dabarar tafiyar ƙaguwa. Dab da taɓa ƙasa, matuƙi zai juya allon da ke tsaye a jelar jirgin da ƙafarsa ya daidaita hanci da titi, sannan ya ɗan sunkuyar da fiffiken ɓangaren iska. Tayoyin tsakiya ne ke fara sauka, domin su aka gina don ɗaukar nauyin, na gaba su biyo baya. Idan lissafi ya ƙi daidaituwa, ƙa'ida ita ce ya ƙara wuta ya tashi, ya sake zagayowa.

Darasin 1973

Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi samfurin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Ya zo sauka cikin iska mai ƙarfi, ƙafafun tayoyinsa suka karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202 da ke ciki. Allah ya jiƙansu. Kowane samfurin jirgi yana da ƙarfin iskar gefen da aka gwada shi a kai, kuma jinkirin da fasinja ke ƙorafi a kansa wani lokaci kiyaye wannan iyaka ne.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su ɗaura ƙyalle a kan sanda a filin makaranta, su ja layi a ƙasa a matsayin titi, su auna kusurwar iska da safe da yamma har mako guda. A wace rana ce saukar za ta fi wuya, kuma don me?