Gigin Tsufa da Gwajin Ruwan Laka

A gidaje da yawa na Yerwa, idan tsohuwa ta soma manta sunayen jikokinta, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai a ce tsufa ne. Wasu ma sukan jefe ta da zargin maita. Amma sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne suke fama da shi a shekarar 2021. Mafi yawansu kuwa cutar Alzheimer ce ta kama su, wadda wani likita Bajamushe mai wannan suna ya bayyana a 1906.

Yadda Ake Ganewa

Akwai wani ruwa garau da yake kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Likita yakan ɗebi kaɗan da siririyar allura daga ƙasan gadon baya, kamar yadda ake yi wa wanda ake zaton yana da sanƙarau. Masana sun gano cewa a cikin ruwan mai wannan cuta, sinadarin amiloyid yakan ragu, domin yana daskarewa a ƙwaƙwalwa. Sinadarin tau kuma yakan ƙaru, saboda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna lalacewa. Wannan canji yakan fara shekaru kafin mantuwar ta fito fili. Amurka ta amince da irin wannan gwaji a 2022, sa'an nan da na jini a 2025.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyali

Gwajin yana da tsada, yana kuma bukatar na'urori na musamman. Duk da haka, kada iyali su naɗe hannu. Ƙarancin bitamin B12, da ciwon damuwa, da wasu cututtukan maƙoƙo sukan kawo mantuwa, dukansu kuwa suna da magani. Saboda haka ya kamata a kai dattijo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da yake hanyar Baga, domin a bincika. Ko da Alzheimer ce, wadda ba a sami maganin warkar da ita ba tukuna, sanin gaskiya yakan kawar da zargi, ya koya wa 'ya'ya haƙuri.

Tambayoyi Don Nazari

1. Ta yaya 'ya'ya za su girmama mahaifin da ya daina gane su?
2. Wane taimako ikkilisiya za ta ba mai jinyar irin wannan dattijo?