Darasi na Sha Huɗu: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Idan kun taɓa bi ta kan gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, to, kun ga Tafkin Legas. Kogin Ogun yana zuba a cikinsa, shi kuma tafkin yana haɗe da Tekun Atlantika. Saboda haka ruwansa gauraye ne. Da damina gishirinsa yakan ragu, da rani kuma ya ƙaru.

A can ƙasan tafkin, cikin laka, akwai ƙananan halittu marasa ƙashin baya, kamar ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi da tsutsotsi. Su ne abincin kifaye da yawa. Masunta, irin na unguwar Makoko, da kifayen nan suka dogara.

Yawancin dattin da ke ɓata tafkin daga tudu yake fitowa. Magudanai suna kwaso ƙazantar gidaje da robobi da baƙin mai. Masana'antu suna sako ruwa mai sinadarai. A baya kuma, an daɗe ana zubar da garin katako daga wuraren tsaga itace na Okobaba.

Me yake faruwa idan dattin ya kwanta a ƙasa? Ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da shi, suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Sai laka ta yi baƙi, ta riƙa wari. Kifi yana iya gudu ya nemi wuri mai kyau, amma dodon koɗi ba shi da wannan dama. Halittu masu rauni sukan mutu, a bar masu juriya kaɗai. Shi ya sa masana suke ɗebo laka su ƙirga ire-iren halittun da ke ciki. Idan ire-iren sun ragu, sun san ruwan ba lafiya.

Ku lura, abin bai tsaya a tafki ba. Guba irin ta dalma takan taru a jikin ƙaguwa da kifi, daga nan ta iso tukunyarmu. Don haka kada ku zuba shara a kwata, ko da gidanku yana nesa da ruwa.

Ma'anar Kalmomi
Laka: taɓon da ke ƙasan ruwa.
Masunta: masu sana'ar kamun kifi.
Magudana: hanyar da ruwa yake bi.
Juriya: iya daure wahala.

Tambayoyi
1. Wane kogi ne yake zuba a Tafkin Legas?
2. Ku kawo hanyoyi uku da datti yake shiga tafkin.
3. Me ya sa masana suke duba halittun cikin laka?
4. Mene ne ma'anar karin maganar da ke kan wannan darasi?

Aikin Gida
Ku rubuta jimloli biyar a kan inda ruwan kwatar unguwarku yake zuwa.