Darasi na 9: Tambayar da Ake Yi a Bakin Ƙofa

Karatu: Joshuwa 20:1-9, Alƙalawa 12:1-6
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:2

Gabatarwa

Mu mutanen Lafiya mun ga gudun hijira da idonmu. A watan Yuni na 2001, bayan da aka kashe Sarkin Azara, faɗa ya tashi tsakanin Tibi da maƙwabtansu a kudancin jiharmu. Dubban mutane suka bar gonakinsu. Waɗansu suka nufi Binuwai, waɗansu suka shigo Lafiya da kaya a ka, da goyo a baya. Idan irin wannan mutum ya tsaya a ƙofarmu, wace tambaya ce ta kamata mu yi masa? Karatunmu na yau ya nuna mana wurare biyu inda aka tsai da mai gudu aka tambaye shi.

1. Ƙofar birnin mafaka

Ubangiji ya umarci Joshuwa ya keɓe birane shida domin wanda ya kashe mutum ba da gangan ba: Kedesh, Shekem da Hebron a yammacin Urdun, Bezer, Ramot da Golan a gabas. Mai gudu zai tsaya a ƙofa ya faɗa wa dattawa maganarsa, su kuwa su shigo da shi, su ba shi wurin zama har ranar shari'a. Mu lura, akwai bincike, amma a kan abin da ya koro shi ne. Aya ta 9 kuma ta nuna an buɗe biranen ga baƙon da ke zaune a cikinsu, daidai da Ba'isra'ile.

2. Mashigin Urdun

Sa'ad da mutanen Gileyad suka ci Ifraimawa da yaƙi, suka tsare mashigan kogi. Duk wanda ya zo ƙetarewa sai su sa shi ya faɗi kalmar Shibbolet. Idan harshensa ya karkace, su kashe shi. Mutum 42,000 suka hallaka. A nan ba wanda ya tambayi laifin mutum ko wahalarsa, sai dai ko shi na wane ne. Gwajin na harshe ne, amma a zamaninmu sau da yawa suna ko addini shi ne Shibbolet.

3. Abin da al'ummai suka shirya

A 1951 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Janiba a kan 'yan gudun hijira, Nijeriya kuma ta shiga daga baya. Ta lissafa dalilai biyar na tsanani da ke ba mutum hakkin mafaka, addini yana cikinsu. Sashe na 3 kuwa ya hana a bambanta masu gudu saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar da suka fito. Watau ana iya tambayar mutum ko saboda bangaskiyarsa aka kore shi, amma ba za a rufe masa ƙofa saboda ita ba.

Duk da haka gwaji yakan zo. A 2015 gwamnatin Sulobakiya ta ce Kirista kaɗai take so ta karɓa daga cikin masu gudu na Siriya. A Janairu 2017 shugaban Amurka ya ba da umarni a fifita waɗanda addininsu ƙarami ne a ƙasarsu. Kotuna suka tsai da umarnin, aka cire wannan sashe a watan Maris. Yarjejeniyar ta shafi wanda ya ƙetare iyakar ƙasa, amma tambayar ɗaya ce ga wanda ya gudo daga Awe ko Gwoza.

4. To, namu fa?

Wani zai ce, “Hatsinmu kaɗan ne, 'yan'uwanmu masu bi kuma suna shan tsanani. Ba su ne na fari ba?” Kada mu raina wannan magana, gama Manzo Bulus ya ba iyalin bangaskiya rabo na musamman (Galatiyawa 6:10). Amma a cikin ayar nan ya fara da dukan mutane. Uba yakan ciyad da 'ya'yansa, ba ya kuwa korar ɗan maƙwabci da ya gudo daga gobara. Mu tuna kuma Ubangijinmu Yesu ya sami mafaka a Masar, ƙasar da ba ta bauta wa Allah na Isra'ila (Matta 2:13-15).

Muna da misalai kusa. A Gurku, cikin ƙaramar hukumar Karu, Kirista da Musulmi da suka tsere wa Boko Haram sun sami mazauni tare. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya sauke dubban masu gudu a harabar majami'arsa a 2014, daga baya har ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci. A Yuni 2018 kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a gidansa da masallacinsa. Da ya yi musu tambayar mashigin Urdun, ina za su nufa?

5. Abin da za mu yi

Bari dattawan ekklesiya su shirya tun wahala ba ta zo ba. A tambayi baƙo abin da ya koro shi da abin da yake bukata, a rubuta sunansa, a sanad da mai unguwa domin tsaron kowa. Kada a sa masa sharaɗin shiga sujada kafin a auna masa masara, gama bishara ba a sayad da ita da abinci.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tambayar dattawan birnin mafaka da ta mutanen Gileyad?
2. Wace Shibbolet muke gwada baƙi da ita a unguwarmu?
3. Idan abin da ke rumbun ekklesiya bai isa kowa ba, da wane ma'auni za mu raba?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ne mafakarmu. Ka karɓe mu tun muna baƙi gare ka. Ka ba mu hikimar bincike da zuciyar jinƙai, domin kada wanda ya tsira daga takobi ya hallaka a ƙofarmu. Cikin sunan Yesu, Amin.