Me ya sa ƙarfi ke ƙare mana bayan hutun rabin lokaci?

'Yan'uwana ɗalibai, duk mai kallon ƙwallon unguwa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san labarin. Zagayen farko kowa Ahmed Musa ne, amma ana dawowa daga hutu sai ka ga gwani ya dafa gwiwa yana haki, wani jijiya ta riƙe masa ƙafa. Mukan ce rashin tirenin ne, alhali sau da yawa matsalar ci da sha ce.

Ƙwararren ɗan wasa na gudun kilomita 10 zuwa 12 cikin minti 90. Man wannan gudu sukari ne da jiki ke tacewa daga abinci ya ajiye a tsoka da hanta, kuma rumbun ƙarami ne. Abin cika shi a gonakinmu yake: shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, gero da dankali. Ni dai ranar wasa nakan ci shinkafa ko tuwo awa 3 zuwa 4 kafin a busa usur, ba maiƙo da yawa, don mai na daɗewa a ciki. In saura awa guda, ayaba ko dabino sun isa. Bayan an tashi, fura da nono, wake, ƙwai ko kifin Tiga ne ke gyara tsoka.

Sai ruwa. A zafin Afrilu ɗan wasa kan yi gumin lita 1 zuwa 2 cikin awa guda. Da ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 1.2 ga mai kilo 60, jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, gudu da lissafi su ja baya. Shi ya sa a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil aka tsayar da wasan Holan da Meziko don a sha ruwa.

Saboda haka kar ka jira ƙishirwa. Sha ledar ruwa ɗaya, rabin lita kenan, awa 2 kafin wasa, ka kuma kurɓa lokacin hutu. Gumi na tafiya da gishiri, don haka mai yawan gumi ya haɗa da ruwan gishiri da sukari. Duba fitsarinka: in ya yi ja, da saura. Da hunturu ma haka, iska ce ke busar da gumin ba ka gani.

Tiramol kuwa ba ƙarfi ba ne, ɓoye ciwo yake yi, ga kama mutum. Hukumar WADA ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024. Kuɗinsa gara ka sayi fura.